Magani na bakin ƙofa, muna sayen guba a kasuwa

Ƴan'uwa manoma na ƙasar Arewa, maza da mata, akwai magana. Tana da ɗaci kamar ganyen bedi, amma dole a faɗe ta.

Duk mai cin kasuwar Matankari, ko ta Dogon Dutsi, ko ta Tibiri, ya san masu maganin ƙwari. Suna shimfiɗa buhu ƙasa, su jera kwalabe cikin rana. Wata kwalba da rubutun Ingilishi, wata da na Faransanci. Wata ba ta da rubutu ko ɗaya, don daga jarka anka ɗuro ta. Mai saye bai iya karanta ta ba. Mai saidawa ma sau da yawa bai iya ba. Tambaya ɗaya ake yi: "Shina da ƙarfi?" Sai a ce: "Nan take shike kashewa." Sai a ƙirga kuɗi.

Mai kwalba ya kama hanyar gida, shina taka ɗiyan bedi da sunka zuba ƙasa. Bedi shi ne dogon yaro, waɗansu kuma su ce darbejiya. Ga shi ƙofar gida, ga shi bakin kasuwa, ga shi gaban masallaci. Muna shan inuwarshi, mu share ɗiyanshi mu kai juji. To, abin da muke sharewa maganin ƙwarin gona ne. Abin da muke saye da tsada kuwa, da yawanshi guba ce wadda hukuma ba ta ba izini ba. Wannan wauta ce, kuma ta isa haka nan.

Mi ke cikin kwalbar?

Mu ɗauki piya-piya, wanda kowa ya sani. Sunan sinadarin da ke cikinshi diklorbos, ana kuma rubuta shi DDVP. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna masu babban haɗari ga mutum. Duk da haka ana yayyafa shi kan wake cikin buhu. A shekara ta 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya, don ta sami wagga guba cikinshi fiye da ƙima. Abin da Bature ya ƙi sa ma bakinshi, mu ne ke dafa shi mu ba ɗiyanmu.

Kar mu ce maganar Najeriya ce. Bayan Najeriya, ba ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya duka. Wakenmu mai yawa can shike zuwa, kwalabensu kuma nan suke zuwa, don iyaka na kusa da mu. In sunan wake ya ɓaci, aljihunmu ne ya ɓaci.

Akwai doka. Ƙasashen Sahel, cikin ƙungiyarsu ta CILSS, sun kafa kwamiti a Bamako wanda ke duba maganin ƙwari kafin a yarda a saida shi. Ya fara aiki a 1994. Maganin da ya sami izini shina da lambar izinin jikin takardarshi. Wanga kwamiti ne ya hana endosulfan a 2007, bayan ya kashe mutane a ƙasashen auduga. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, ta sha zagaya kasuwannin Nijar tana duba kwalabe. Abin da take tararwa shi ne, mafi yawansu ba su da izinin nan. Wato ba wanda ya tabbatar mana da abin da ke ciki.

Kwalba ɗaya, biya uku

Mai sayen guba shina tsammanin sau ɗaya ya biya. A'a, sau uku ne.

Biya na fari, kuɗi. Bana ka saya, baɗi ma sai ka saya, kuma sai ka ƙara yawa. Mi ya sa? In ka fesa ma ƙwari dubu, ƴan kaɗan masu taurin rai ba su mutuwa. Su ne ke haihuwa. Jikokinsu sai su gaji taurin, maganin ya zama ruwa gare su. Haka ta faru ga tsutsar tumatir da ta fito daga Kudancin Amurka. A 2016 ta cinye gonakin tumatir na Kaduna da Kano. Manoma sun yi ta feshi, tsutsa ba ta ji ba, tumatir ya gagari talaka saye.

Biya na biyu, lafiya. Dubi yadda muke feshi: ba takalmi, ba abin rufe hanci, ba abin rufe hannu. Wani da hannunshi shike motsa maganin. Iska ta busa mashi a fuska, ya dawo da ciwon kai, da jiri, da amai, da zufa, miyau na zuba. Sai a ce rana ce ta buge shi, ko a ba shi nono a ce ya karya dafi. Nono ba shi karya wanga dafi. Wanda guba ta kama, a tuɓe mashi tufafi, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kai shi likita maza-maza tare da kwalbar.

Ba mai feshi kaɗai ke biya ba. An fesa ma zogale ko salati yau, gobe an tsinka an kai kasuwa. Kwalbar da ta ƙare an ɗauraye ta an zuba man miya. A Dallol Mawri ruwa ba shi da nisa cikin ƙasa, shi ya sa muke da garake da dankalin turawa da rani. In an wanke famfon feshi bakin rijiya, ina ruwan wankin ke zuwa? Cikin randar gida.

Biya na uku shi ne wanda ba mu gani. Gona tana da abokai: ƙudan zuma mai ɗaukar garin fure, gizo-gizo, kwaɗo, tsuntsaye, da ƙananan ƙwari masu cin ƴan'uwansu. Akwai wani ɗan ƙwaro dangin rina, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shina harbin murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniyar hatsi, ya zuba mata ƙwai, ta mutu. Tun 2006 masu bincike na INRAN a Maraɗi ke kiwonshi, suna sakinshi gonakin hatsi tare da manoma. Guba ba ta san aboki ba, ba ta san abokin gaba ba. Duka take kashewa. In masu gadi sun mutu, ɓarayi su ke fara dawowa. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Iccen da munka raina

Asalin bedi Indiya ne da ƙasar Bama. Zamanin mulkin Turawa anka kawo shi ƙasashenmu. A Borno an fara dasa shi a 1928. A Nijar, daga 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE sun dasa shi layi-layi a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska. Layukan sun kai ɗaruruwan kilomita.

Mutanen Indiya sun daɗe suna sa ganyenshi cikin hatsi da tufafi don korar ƙwari. A 1959 wani masani ɗan Jamus, Heinrich Schmutterer, shina aiki a Sudan sai fara ta sauka. Ta cinye kowane kore, amma ta bar bedi da ganyenshi. Ya ce lalle akwai sirri cikin wanga icce. A 1968 waɗansu masana biyu a Ingila, Butterworth da Morgan, sunka fitar da sinadarin daga ƙwayar ɗiyan. Sunanshi azadiraktin.

Ku ji wata kuma. A 1994 wani kamfanin Amurka, W. R. Grace, tare da ma'aikatar gona ta ƙasarsu, sun sami takardar mallaka a Turai kan wani maganin gona da anka yi da man bedi. Manoman Indiya da masu goya musu baya sunka ce ba su yarda ba, ilimin kakanninsu ne. An soke takardar a 2000, an tabbatar da sokewar a 2005. Shekara goma ana shari'a kan abin da mu muke sharewa da tsintsiya! Yau a Turai da Amurka ana saida maganin bedi cikin kwalba mai kyan takarda. Da an kawo mana shi haka, da rubutun Nasara, da mun yi layi muna saye. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Yadda shike aiki

Bedi ba shi buge ƙwaro ya faɗi. Dabararshi daban ce. Da fari shina hana ci: tsutsa ta ɗanɗana ganye, ta rufe baki. Na biyu, shina hana girma. Tsutsa ba ta girma sai ta yi saɓa, ta tuɓe tsohuwar fata. Bedi na ɓata wagga saɓa, sai ta mutu bayan ƴan kwanaki. Na uku, uwar ƙwari ba ta son zuba ƙwai inda anka fesa shi. Tun da mai cin ganye ya fi shafa, abokan gona ba su cika cutuwa ba. Rana kuma tana kashe ƙarfinshi cikin ƴan kwanaki, don haka ba shi daɗewa jikin abin da za mu ci.

Shina aiki ga tsutsar shu, da tsutsar zogale, da darɓa, da tsutsar da ke huda fure da kwanson wake. Masu bincike na INRAN sun gwada ruwan ɗiyan bedi a gonakin wake na jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma na kallo. Gonar da anka fesa ta fi wadda ba a fesa ba amfani nesa ba kusa ba.

Amsa ga masu gardama

Wani ya ce: "Ba shi kashewa nan take." Gaskiya ne. Amma mi kake nema, gawar tsutsa ko buhun wake? Tsutsar da ta daina ci ta daina yi maka ɓarna, ko tana motsi. Laifinmu shi ne jira. Sai gona ta lalace sannan mu ruga neman mai ƙarfi. Bedi na mai zagaya gonarshi ne, wanda ke ɗaga ganye ya duba, ya fara feshi tun ƙwari na kaɗan. Rigakafi ya fi magani.

Wani ya ce: "Wahala gare shi." I, akwai tsintuwa, akwai daka, akwai tata. To, kuɗin kwalba daga sama suke faɗowa? Ba tiyar hatsi ka saida ba, ko ɗan akuya? Wannan ma wahala ce, har ta fi. Amma mu faɗi gaskiya: in anka ce daka, kan mata aikin ke faɗawa. Mai gida, in kana iya biyan baƙo mai kwalba, kana iya biyan matar da ta daka maka ɗiyan bedi. Kuɗin su tsaya cikin gari, maimakon su ƙetare iyaka.

Wani ya ce: "Aikin tsofaffi ne, mu ƴan zamani ne." Wace wayewa ce mutum ya zuba ma abincinshi abin da bai san sunanshi ba? Wayayye shi ne mai awo, mai lissafi, mai sanin abin da ke hannunshi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wani ya ce: "In fara ta zo fa?" Nan kam ba mu yi muku ƙarya. Farar da ta rufe sama, irin ta 2004 wadda ta taimaka wajen jawo yunwar 2005, ta fi ƙarfin turmi da bokiti. Aikin gwamnati ne da ma'aikatan kare tsirrai. Murzuna ma in ta shige cikin zangarniya ruwan bedi ba shi kai gare ta. Kuma in ƙwari sun yi ma gona taron dangi, malamin gona ya ce sai maganin kanti, to a sayi mai lambar izini, a bi awo, a rufe jiki, a jira kwanakin da anka rubuta kafin a tsinka. Abin da muke ƙi shi ne a mai da guba abin farko, alhali ita ce ya kamata ta zama ta ƙarshe.

Yadda ake haɗawa

1. Tsinci ɗiyan da sunka nuna sunka yi rawaya. Murje su cikin ruwa, ɓawon da naman su fita.

2. Shanya su a inuwa mai iska har su bushe sarai. Wanda ya yi fumfuna a zubar. A aje su cikin kwando ko buhun algarara, ban da leda.

3. Ran da za a yi aiki, a fasa su sannu, a sheƙe, a daka ƙwayar ta yi laushi. A ware turmi don wanga aiki, saboda ɗaci.

4. Rabin kilo na garin, cikin ruwa lita 10. A auna sau ɗaya kan sikelin mai kanti, a nemi kwanon da ya yi daidai, shi ne ma'auninka kullum.

5. A jiƙa ya kwana. A tace da ƙyalle mai kyau sau biyu, don kar ya toshe famfo.

6. A narka ɗan sabulu kamar girman goro a zuba, don ruwan ya kama ganye.

7. A fesa da marece, bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi kuma ƙudan zuma ya koma. A jiƙa ƙarƙashin ganye, can ƙwari ke ɓuya. Wanda ba shi da famfo ya tsoma tsintsiya ya yayyafa.

8. A sake bayan kwana 7. In ruwan sama ya wanke, a sake. Ga wake, a fara tun ya soma fure.

Ruwan da anka haɗa ba a aje shi, ranar ake gama shi. Tukar da ta rage a zuba gindin shuka, taki ce, tana kuma rage ƙananan tsutsotsin da ke kumbura saiwar tumatir. Ganyen bedi ma na aiki, amma bai kai ɗiyan ƙarfi ba. Waɗansu na ƙara dakakken barkono ko tafarnuwa, su ma masu korar ƙwari ne. Babban icce na iya ba da kilo 20 na ɗiya ko fiye a shekara. Gona babba tana cin kilo da yawa, don haka a tara tun da wuri. Ɗiyan da sunka wuce shekara ƙarfinsu na raguwa.

Wake cikin ajiya

Nan ne guba ta fi ɓarna, don kai tsaye take shiga tukunya. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu tana fitar da iska mai kisa. Ta sha kashe mutanen da sunka kwana ɗaki ɗaya da buhunan. Alhali hanyoyi na nan.

Kakanninmu na cuɗa wake da toka ko rairai mai laushi, su cika tulu, su liƙe baki. Suna kuma sa ɗanyen ganyen anza. Masana a Senegal da Jami'ar Yamai sun bincika, sunka tarar anza na fitar da wani tururi mai kashe ƙwaron wake in an rufe wurin da kyau. Man bedi ma na tsare wake: ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya isa kilo 2, a cuɗa sosai. Kafin dahuwa a jiƙa waken cikin ruwan ɗumi a wanke, ɗacin ya fita.

Akwai kuma buhun PICS, mai leda biyu ciki da buhu ɗaya waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, an fara yaɗa shi ƙasashenmu a 2007, INRAN na cikin masu gwajinshi. Ba a sa mashi magani ko ɗis. A busar da wake sarai, a ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. A tsare shi daga kusu da ƙaya, don in ya huje ya tashi aiki.

Na icce ma da dokarshi

Kar wani ya ce tun da daga icce ya fito, ba shi cutarwa. Man bedi ba abin sha ba ne, shina iya kashe jariri. A ɗaga shi inda yara ba su kai. Ruwan barkono na ƙona ido. Ruwan taba kuwa guba ce sosai, tana shiga ta fata, kuma tana iya kai cuta ga tumatir da barkono da dankali. Gara a bar ta. Kar a zuba sauran ruwan bedi cikin tafki mai kifi. Bayan kowane feshi a wanke hannu da fuska.

Kiranmu

Ga masu gari da hukumomin komin: ku sa ido kan kasuwanni. Kwalbar da ba ta da takarda ba ta da wurin zama kusa da masu saida ƙuli-ƙuli da nono.

Ga malaman gona da ma'aikatan ayyukan raya karkara: kar ku zo mana da kwalba kaɗai. Ku zo da sikeli da ƙyallen tata, ku nuna a fili, cikin harshen da muke ji. Gidajen rediyon karkara su tuna ma jama'a in ɗiyan bedi sun fara zuba.

Ga ƙungiyoyin mata: ga sana'a a ƙasa, ba ta son jari. Ku tara, ku shanya, ku daka, ku saida ma masu garka.

Ga kowane manomi, daga Matankari har Dan Kasari da Kore Mairuwa: kar ka ɗauki maganarmu don mun faɗa. Gwada. Bana ware ƴan kunyoyi cikin gonar wake, ka raba su biyu daidai. Rabi ka fesa ruwan bedi kowane mako, rabi ka yi yadda ka saba. Ɗauki littafi ka rubuta ranar feshi, da kuɗin da ka kashe, da tiya nawa kowane ɓangare ya ba ka. In kaka ta yi, ka kira maƙwabta ku yi lissafi tare. Gani ya kori ji.

Ƙasar ga aro munka yi daga ɗiyanmu, haka rijiyoyin. Kar mu mayar musu da su da dafi ciki.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare mana gonaki da lafiyar iyali. Amin.